Hattara da "Haɗi": Jan Kunne ga Masu Kula da Tsofaffi

Kowace shekara, ranar Alhamis ta biyu ta watan Maris, ma'aikatan lafiya na duniya sukan yi gangamin ranar ƙoda. Mu a nan ƙasar Hausa ba sai an buga mana ganga ba, domin wanda ya leƙa sashen wankin ƙoda na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko ya ji kukan da mutanen Gashuwa ta jihar Yobe suka daɗe suna yi, ya san abin ya kai intaha. Wannan takarda jan kunne ce game da dattawanmu, waɗanda cuta ba ta zuwa musu ita kaɗai.

Idan shekaru suka ja, sau da yawa sai ka tarar mutum ɗaya yana fama da hawan jini, ga ciwon suga, ga ciwon gwiwa da na baya. Waɗannan ba irin zazzaɓi ba ne da za a sha magani kwana 3 a wartsake. Zama ake yi da su, ana lallaɓawa har iyakar rai. Dukkansu ana iya zama da su lafiya lau, in dai ba a kai ga taɓa ƙoda ba. To, a nan gizo ke saƙar.

Ga yadda abin yake faruwa. Baba ya kwana gwiwa na yi masa zogi, ya kasa durƙusawa a sallar asuba. Sai a aiki yaro kemis, ko a tsayar da mai tallan magani a bakin kasuwa, a ce, "Malam, haɗa wa tsoho na ciwon jiki." Sai a ƙulle ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda, ba suna, ba takarda. A cikin irin wannan haɗin galibi akwai diclofenac ko ibuprofen, wani lokaci har da dexamethasone. Biyun farko suna rage jinin da ke isa ƙoda, suna sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, jini ya ƙara hawa, suna kuma iya haddasa gyambon ciki. Na ukun kuwa tayar da suga yake yi. Gwiwa ta yi sauƙi, kowa ya yi hamdala, gobe a sake aikawa.

Ku dubi ƙyallen da mata ke tace gasara da shi. Yana sabo, duk yadda aka matse shi, gasara ta wuce, dusa ta tsaya. Ƙoda haka take, tana tace jini dare da rana, ta fitar da datti ta fitsari, ta riƙe abin amfani. Ƙodar tsoho kuwa ƙyalle ne da ya shekara sittin ko saba'in yana aiki, zarensa ya yi laushi. Hawan jini hannu ne mai murɗa shi da ƙarfi, ciwon suga kuma yana cin zaren a hankali. Wace uwargida mai hankali za ta miƙa irin wannan ƙyalle ga ƙato ta ce ya ƙara murɗawa? Sai dai ƙyalle in ya yage a sayo wani a kasuwa. Ƙoda in ta mutu, abin da ya rage shi ne wankin ƙoda sau 2 ko 3 a kowane mako, ko dashe, waɗanda kuɗinsu ya sa gidaje da yawa suka sayar da gona. Mafi muni, ba ta yin ciwo tun da wuri. Kafin ƙafa ta kumbura, fuska ta tasa, ɓarna ta yi nisa.

Laifin nan ba na tsoho ba ne, na 'ya'yansa ne. Abin kunya ne magidanci ya san farashin sabuwar waya, amma bai san sunan maganin da mahaifiyarsa ke sha kullum ba. Allah Maɗaukaki ya yi wasiyya da iyaye a Suratul Isra'i, ya kuma ambaci lokacin tsufansu musamman. Tura kuɗin cefane daga birni bai sauke wannan nauyi ba. Haka kuma masu ɗura wa tsoho jiƙe-jiƙen da ba a san ƙarfinsu ba a kan maganin asibiti, su ji tsoron Allah.

Sauran abubuwan kowa ya sha jin su. Kada a daina maganin hawan jini don an ji sauƙi. A riƙa awon jini, in ya kai 140 bisa 90 ko ya haura, a koma wa likita. Gishirin yini kada ya wuce ƙaramin cokali ɗaya, har da na dunƙulen miya. A duba tafin ƙafar mai suga kullum. Kafin azumi a nemi shawarar likita, shari'a ta yi wa maras lafiya rangwame.

Ɗan'uwa, a wannan makon ka tattara duk abin da Baba ko Inna ke sha, na asibiti da na kemis da na gargajiya, ka zuba a leda ɗaya, ka raka su asibiti. Ka nuna wa likita, ka roƙi a yi musu gwajin jini da na fitsari don duba ƙoda, a kuma maimaita aƙalla sau ɗaya a shekara.