Ilmin Lissafi da Addini: Darasi daga Malam Muhammadu al-Katsinawi



Sau da yawa akan ji ɗalibai suna cewa kimiyya da addini ba sa ga-maciji. Asalin wannan zance daga Turai yake. A 1633 kotun Cocin Katolika a birnin Rum ta tilasta wa Galileo ya janye maganarsa cewa ƙasa ce ke zagaya rana, aka kuma tsare shi a gida har ya mutu a 1642.

A ƙasar Hausa kuwa, ba haka al'amarin ya kasance ba. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi ya yi karatu a Katsina, ya tafi aikin Hajji, sa'an nan ya zauna a Alƙahira, inda ya rasu a 1741 a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, masanin falaki. A 1732 ya yi rubutu da Larabci a kan hatimi, watau murabba'in lambobi. Misali, idan aka jera 1 zuwa 9 a gidaje tara bisa ƙa'ida, kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da 15. Har yau masana tarihin lissafi na nazarin hanyoyinsa.

Gaskiya ne ya yi rubutu a kan ɗalasimai da taurari. A nan ne malamai suka sa iyaka. Ba su hana hisabi da falaki ba, domin da su ake gane alƙibla, da lokutan salla, da rabon gado, da nisabin zakka. Suratu Yunus, aya ta 5, ta ambaci masaukan wata da sanin ƙidayar shekaru. Abin da suka hana shi ne duba da da'awar sanin gaibu.

Manomin Funtuwa ko Malumfashi da ke lura da tauraron Kaza don kintatar damina bai yi laifi ba, muddin ya san Allah ne ke saukar da ruwa. Wanda ya kai kuɗinsa wurin mai duba shi ne ya ɓata.

Saboda haka kada iyaye su hana yaro karatun kimiyya don tsoron imaninsa, kada kuma ɗalibin kimiyya ya raina malamin zaure. Allah ya ba da ilmi mai amfani, amin.