Dutsen Kilimanjaro Da Ƙananan Itatuwansa

Dutsen Kilimanjaro yana ƙasar Tanzaniya, kusa da iyakar Kenya. Tsawonsa mita 5,895 ne, duk Afirka ba wanda ya kai shi. Wanda ya hau shi daga gindi zuwa ƙoli ya kan ga itatuwa suna ta sakewa, kamar mai tafiya daga kurmi zuwa hamada. Tsawo da yanayi su ne sanadin wannan.

Yadda tsawo ke kawo sanyi

Iska ta kan ƙara sanyi gwargwadon hawa. In an hau mita 1,000, zafi ya kan ragu da wajen digiri 6. Shi ya sa Jos ta fi Kano sanyi. Amma ko Chappal Waddi, dutse mafi tsawo a Nijeriya, mita 2,419 ne kawai, watau bai kai rabin Kilimanjaro ba.

Ruwan sama kuma ba ɗaya ya ke ba. A gefen kudu, tsakiyar kurmi, a kan sami wajen milimita 3,000 a shekara, a ƙoli kuwa da ƙyar ya kan kai 200. Gefen arewa ya fi na kudu fari.

Matakan dutsen

A gindi akwai gonakin kabilar Caga, masu noman ayaba da kofi. Daga wajen mita 1,800 kurmi ya fara. Da an kusa mita 3,000 sai manyan itatuwa su ƙare, ƙanana su karɓi wurin har wajen mita 4,000. Gaba da nan sai tsakuwa da ɗan tsiro jefi-jefi, sa'an nan ƙanƙara.

Babban itacen wannan mataki shi ne wanda masana ke kira Erika. Ganyensa ƙanana ne, sirara kamar allura, don haka ba ya asarar ruwa da yawa. A bakin kurmi ya kan kai mita 10. Can sama kuwa ba ya wuce ƙugun mutum, domin sanyi yana hana shi girma, iska tana karya tohonsa, ƙasar kuma ba ta da zurfi.

Abin da ya fi wahalar da tsiro a nan shi ne bambancin dare da rana. Dutsen yana kusa da tsakiyar duniya, saboda haka rana ta kan yi ƙuna, amma da dare ruwa ya kan daskare. Ƙasa ta kan kumbura ta tumɓuke jijiyar sabon tsiro. Shi ya sa a ke yawan ganin 'yan itatuwa a gindin duwatsu, inda ɗumin rana ya kan daɗe.

Kowane tsiro da dabararsa. Akwai Senesiyo, wanda ba ya zub da busasshen ganyensa, sai ya bar shi ya lulluɓe jikinsa kamar bargo. Lobeliya ta kan rufe ganyenta da dare, ta buɗe da safe. Helikirisum kuwa ya kan dunƙule kusa da ƙasa, ganyensa da farin gashi mai tare zafin rana da jaura.

Amfaninsu da abin da ke ɓarna

Waɗannan itatuwa suna tare hazo. Laimar ta kan taru a ganye, ta ɗiga ƙasa, ta ratsa zuwa maɓuɓɓugai. Ruwan dutsen shi ke ciyar da kogin Pangani, wanda manoma ke ban ruwa da shi, a ke kuma samun wutar lantarki daga gare shi.

Tun ƙarshen ƙarni na 19 dutsen ya ke ƙara bushewa. Tsakanin 1912 da 2007 wajen kashi 85 cikin 100 na ƙanƙarar ƙolinsa ya ɓace. Fari kuwa yana jawo gobara, galibi daga hannun mutane, kamar masu cin zuma. Bayan 1976 wuta ta cinye mafi yawan dogayen Erika, har iyakar kurmi ta sauko da ɗaruruwan mitoci. A watan Oktoba na 2020 wata gobara ta ƙone wajen murabba'in kilomita 95.

Erika ya kan sake toho daga kututture bayan wuta, amma a wurin sanyi girma yana da nawa. In wuta ta dawo kafin ya yi ƙarfi, sai ciyawa ta gaje wurin, ruwan da a ke samu daga hazo ya ragu.

Abin lura

An mai da saman dutsen gandun gwamnati a 1973, amma doka kaɗai ba ta kashe wuta. Wajibi ne mai shiga daji ya tabbata ya kashe wutar da ya hura kafin ya tashi, domin itacen da ya yi shekaru yana girma a kan tudu, shi ne ke tsaron ruwan mutanen kwari.