Goga fuska da buroshi ko soso: idan fata ta bushe tana raɗaɗi

A shekara ta 2004 aka fara sayar da wani buroshin wanke fuska mai aiki da lantarki a Amurka, mai suna Clarisonic. An daina yin sa a 2020, amma masu araha irinsa, masu aiki da batir, sun bazu a kasuwanni. Yawancinmu a ƙauye ba mu da wannan buroshi. Muna da soso, kuma akwai masu dirje fuska da shi kamar suna wanke tukunya. Ɓarnar da su biyun suke yi wa fata iri ɗaya ce, shi ya sa muka haɗa su a wannan darasi.

Fatarmu tana da wani siririn ɓawo a samanta, haɗe da maiƙon da jiki yake fitarwa. Aikinsa shi ne ya riƙe ruwa a cikin fata, ya kuma hana ƙwayoyin cuta shiga. Kamar yaɓen ɗakin ƙasa yake: idan aka kankare shi, ruwan sama zai ci ginin. Jiki yakan sabunta wannan ɓawo da kansa cikin kamar mako huɗu. Idan muna goge shi safe da yamma, muna cire shi kafin sabo ya yi ƙwari. Sai fuska ta ɗaure bayan wanka, ta yi furu-furu, tana ƙaiƙayi, tana raɗaɗi idan an shafa mai ko an yi gumi. Da hunturu abin ya fi muni, domin busasshiyar iska tana ƙara shanye ruwan fata.

Matasa masu ƙurajen fuska su ne suka fi faɗawa cikin wannan. Sukan ɗauka datti ne ya kawo ƙurajen, sai su ƙara dirza. Ƙurajen samartaka daga cikin fata suke tasowa, inda maiƙo ya toshe ƙananan ƙofofin gashi, kuma guga tana fasa su ne kawai. A baƙar fata irin tamu, duk inda ya kumbura ko ya ji ciwo yakan bar baƙin tabo wanda zai iya yin watanni bai tafi ba. Daga nan ne yarinya takan nemi man bilicin domin ta kawar da tabon, ta shiga wata matsalar da ta fi ta farko.

Maganin ba shi da tsada. Abu na farko, mu ajiye buroshin ko soson gaba ɗaya har fata ta warke, ko da zai kai mako huɗu. Mu wanke fuska da tafin hannu, da ruwa mai ɗan ɗumi, domin ruwan zafi yana narkar da maiƙon fata. Sabulu mai laushi kaɗan ya isa, sau ɗaya a rana, da yamma. Sabulun wanki da sabulu mai soda da yawa ba na fuska ba ne. Ko sabulun salo ma yana iya busar da fatar da ta riga ta ji ciwo. Bayan wanki, mu danna tsumma mai tsabta a hankali, kada mu goge. Tun fuska tana da ɗan laima sai mu shafa man kaɗanya ko basilin mara turare, kaɗan. Mai ba ya ƙara wa fata ruwa, yana rufe wanda yake ciki ne, don haka shafa shi a kan laima ya fi amfani.

Kada mu sa ruwan lemun tsami, ko man goge baki, ko toka, ko kanwa a wurin. Mu kuma lura da mayukan da ake sayarwa a kemis masu ɗauke da betamethasone ko clobetasol. Suna kwantar da ƙaiƙayi da sauri, shi ya sa mutane suke son su, amma idan aka daɗe ana shafa su a fuska fata takan yi siriri, ƙuraje su ƙaru. Sai da shawarar ma'aikacin lafiya.

Idan wurin ya fara ruwa ko mugunya, ko ya yi ɓawo rawaya, ko fuska ta kumbura da zazzaɓi, ƙwayoyin cuta sun shiga ke nan, sai a tafi asibiti ba da jinkiri ba. Haka ma idan an yi mako biyu ana kula da fata babu sauƙi, domin makero da ƙyasbi suna bukatar nasu maganin dabam.

A ganinmu yawancin mutane ba su bukatar buroshin nan, kuma kuɗin batir zai sayi man kaɗanya mai yawa. Wanda ya fi so ya koma gare shi bayan ya warke, ya yi sau ɗaya ko biyu a mako, na minti ɗaya, ba tare da dannawa ba. A wanke kan buroshin, a shanya shi ya bushe, a sāke shi bayan wata uku. Kada a yi aronsa, ko tsakanin ya da ƙanwa, domin makero yana bin soso da tawul daga mutum zuwa mutum.

A taron zumuntar mata ko na matasa mai zuwa, kowa ya zo da sabulu da man da yake shafawa a fuska. A karanta abin da aka rubuta a jikin kwalin tare, a ware waɗanda suke ɗauke da sunayen nan biyu, a kai wa ma'aikacin lafiya ya duba.