Alamomin da ake dubawa a hoton ƙirji

A hoton ƙirji, iska baƙa take fitowa, ƙashi fari, ruwa da tsoka kuwa toka-toka. Lafiyayyen huhu cike yake da iska, don haka duk farin da ya bayyana cikinsa abin tambaya ne.

Kafin komai sai an tabbatar hoton ya ɗauku. Ana so mutum ya tsaya, ya jingina ƙirji da allo, ya ja numfashi ya riƙe. Laya, sarƙa da maɓallin ƙarfe duk a cire, domin inuwarsu kan yi kama da ciwo. Mai juna biyu ta faɗa tun kafin a fara.

Tarin fuka ne abin da aka fi nema a unguwa mai cunkoso irin Zongon Kwatano, inda baƙi da 'yan kasuwa kan kwana da yawa a ɗaki guda. Sananniyar alamarsa kogo ne a saman huhu, kusa da ƙashin wuya: baƙin rami zagaye da farin gefe mai kauri. Wani lokaci cutar kan bi jini, sai huhun biyu su cika da ɗige-ɗige na milimita 1 zuwa 3, kamar an watsa gero. Amma mai ƙanjamau na iya fama da tarin fuka hotonsa ya fito sumul. Shi ya sa tarin da ya kai mako biyu yake buƙatar gwajin kaki da na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010. Asibitin cututtukan huhu na Akpakpa a Kwatano, wanda aka fi sani da Lazaret, nan ne cibiyar wannan aiki. Maganin wata shida ne, kuma tsohon tabo kan zauna a hoto bayan an warke.

Limoniya farin faci take yi. Idan facin ya shafe gefen zuciya na dama har ba a ganin iyakarta, ciwon yana sashen tsakiya na huhun dama. Likita Benjamin Felson ya yi bayanin wannan a 1950. Ruwan da ya taru a bayan huhu yakan fara cike kusurwar ƙasa mai tsini, kuma sai ya kai kusan mililita 200 ake ganinsa ta gaba. Zuciyar da faɗinta ya wuce rabin faɗin ƙirji ta kumbura, galibi saboda hawan jini da aka daɗe ba a kula ba, sai dai hoton da aka ɗauka a kwance kan ƙara mata girma.

Ɗan zemijan, wato ɗan acaɓa, da ya faɗi da babur, numfashi ya soma gagararsa, ba karayar haƙarƙari kaɗai ake duba masa ba. Siririn layi da baƙi wuluk a bayansa na nufin iska ta fita, huhu ya motse, kuma wannan ba ya jiran gobe.

Tsohon hoto kada a jefar. A ajiye shi cikin ambulan nesa da danshi, a tafi da shi duk zuwa asibiti, domin da shi likita ke gane ko inuwa sabuwa ce.