Shito da Lemun Tsami

Walewale gari ne a arewacin Gana, a kan hanyar Tamale zuwa Bolgatanga. Akwai Hausawa a zangon garin, kamar yadda suke a Salaga da Yendi da Bawku. Tun da daɗewa fatake ke zuwa daga Kano da Katsina, suna sayen goro a kasuwar Salaga. A shekarar 1892 yaƙi ya tashi a Salaga, sai da yawa daga cikinsu suka watsu zuwa wasu garuruwa.

Da safe a zango, mata suna sayar da shinkafa da wake. Mutanen Gana suna kiran wannan abinci waakye. Daga kalmarmu ta "wake" sunan ya fito. Ana cinsa da shito.

Mene ne shito? Haɗin barkono ne mai duhu. Ana daka busasshen barkono da citta da tafarnuwa da busasshen kifi. Sai a soya albasa cikin mai, a zuba kayan, a yi ta juyawa a kan ƙaramar wuta har ruwan ya ƙone. In ya huce, a zuba a kwalba mai tsabta, mai ya rufe samansa.

A ƙasar Indiya kuwa, da lemun tsami suke yin nasu. Sukan yanka lemun, su barbaɗa gishiri da garin barkono, su rufe a kwalba, su ajiye a rana na 'yan makonni. In ɓawon ya yi laushi, sai su riƙa ɗiban kaɗan suna ci da shinkafa da miyar kori.

Me ya sa waɗannan ba sa lalacewa da wuri? Ƙwayoyin cuta suna son ruwa. Wuta tana ƙone ruwan shito, mai yana tare iska. Gishiri da tsami kuma suna hana ƙwayoyin yaɗuwa.

Amma yara, ku kula! Jiƙaƙƙen cokali ɗaya yana iya ɓata kwalba guda. In kun ga fumfuna a kai, kada ku ci. Ku nuna wa Inna.

Sababbin kalmomi
barkono: le piment
lemun tsami: le citron vert
gishiri: le sel
kwalba: le bocal

Tambayoyi
1. Me fatake ke saye a Salaga?
2. Daga ina sunan waakye ya fito?
3. Me ke hana shito lalacewa?

Aikin gida
Tambayi Kaka yadda take adana kuɓewa da tumatir har zuwa rani. Rubuta jimloli 3.