Kafin ka tura wancan bidiyon na siyasa

Da zarar an kaɗa gangar siyasa, sai wayoyi su cika da bidiyo: wannan ɗan takara ya zagi malamai, wancan an jefe shi a mahaifarsa. A da sai an tara jama'a a fili ko an sayi lokaci a gidan rediyo. Yanzu daƙiƙa talatin a TikTok ko WhatsApp kan ɓata sunan da aka yi shekaru ana ginawa. Mai kai saƙon nan lungu-lungu kuwa kai ne, da datarka, ba ko sisi.

Abin ya daɗe. Gabanin zaɓen 2015 an yaɗa wani bidiyo cike da hotunan kisa da jini don a tsorata masu zaɓe da Buhari; sai a 2018 jaridar Guardian ta Ingila ta bankaɗo cewa akwai hannun kamfanin Cambridge Analytica a ciki. A Disambar 2018 kuma, jita-jitar cewa an maye gurbin Buhari da wani "Jibrin na Sudan" ta yi ƙarfin da sai da shugaban ya buɗe baki a ƙasar Folan ya ce shi ne dai, ba wani ba. Sannan a Janairun 2023 binciken BBC ya nuna yadda jam'iyyu ke biyan 'yan soshiyal midiya a ɓoye su yaɗa ƙarya kan abokan hamayya.

To, idan bidiyo ya shigo, fara duba inda ya soma da inda ya tsaya. Yawancin ɓarnar da almakashi ake yin ta: a datse "wasu na cewa" daga farkon magana, sai ta koma tamkar ra'ayin mai maganar. Nemi cikakken jawabin a YouTube ko shafin gidan rediyon da ya ɗauka.

Daga nan ka ɗauke ido daga fuskar mai magana, ka kalli bayansa. Fastar da ke bango ta wace shekara ce? Lambar motar ta wace jiha ce? An yi zaɓen shugaban ƙasa na 2023 ranar 25 ga Fabrairu, rani tsantsa. Duk wanda ya nuna maka rikicin rumfar zaɓe a Katsina, ga ciyawa shar ga taɓo a ƙasa, ya ce na ranar ne, tsohon kaya ya sayar maka. In kana kokwanto, ɗauki hoton allon wayarka ka saka a Google Lens, sau da yawa zai nuna maka inda aka fara wallafa shi. Shafukan Dubawa da Africa Check ma aikinsu ke nan, tantance irin waɗannan.

Murya zalla, wadda aka ɗora a kan hoto ɗaya da ba ya motsi, ita ta fi ba ni tsoro, domin ƙirƙirarriyar basira na kwaikwayon muryar mutum cikin sauƙi yanzu. Kada ka tura ta sai wata kafa mai suna da adireshi ta tabbatar.

Mafi wuya shi ne bidiyon da ya yi maka daɗi. Wanda ya taɓa gwaninka, kai da kanka za ka bincika; wanda ya kunyata abokin hamayya kuwa, hannu rawa yake a tura. A nan ne umarnin Suratul Hujurat na tantance labari ya fi hawa kanka.

In babba ne ya turo a zauren 'yan uwa, kada ka kunyata shi cikin jama'a. Bi shi ta gefe: "Kawu, wannan fa na zaɓen da ya wuce ne, ga asalinsa."

Bidiyon da ya cancanci wuri a wayarka shi ne na alƙawari: ɗan takara da bakinsa yana cewa zai gyara asibitin garinku. Adana shi da kwanan wata. Ran da ya dawo neman ƙuri'a a 2027, kunna masa.