Darasin Wannan Wata: Hoton Sama da Taswirar Gona

A wannan wata za mu duba wata sana'a da ta shafi gonar kowa, wato ɗaukar hoton ƙasa daga sama a mayar da shi taswira.

Yadda ake ɗaukar hoton

Hanyoyi uku ne. Akwai jirgin sama mai ɗauke da kyamara, akwai ƙaramin jirgi marar matuƙi da ake sarrafawa daga ƙasa, sannan akwai tauraron ɗan'adam. Amurka ta harba tauraron Landsat na farko a 1972, Nijeriya kuma ta sami nata, NigeriaSat-1, a 2003. A da, sai an wanke fim kafin a ga hoto. Yanzu kuwa kwamfuta ce ke karɓar hotunan, ta harhaɗa su su zama taswira guda wadda za a iya auna tsawo da faɗi a kanta.

Su wa ke saye?

Wannan taswira haja ce, kuɗi ake biya a yi ta. 'Yan kwangilar hanya suna duba ta don su san inda za a sa gada ko kwalbati. Hukumomin filaye na Abuja da Kaduna da Kano suna amfani da ita wajen ba da takardar mallaka. Masu manyan gonaki suna gane inda shuka ta fara ciwo tun kafin ganye ya yi rawaya, domin lafiyayyen ganye yana mayar da wani haske da idonmu ba ya gani, amma kyamarar tana ganinsa. Wasu kamfanonin inshora ma da hoton tauraro suke tantance fari kafin su biya diyya.

Abin da ya shafe mu

Kadada ɗaya ita ce fili mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100, wato kusan eka biyu da rabi. A kan kadada malamin gona yake lissafin iri da taki. Wanda ya zaci gonarsa kadada biyu ce, alhali ɗaya da rabi ce, zai sayi takin da ya wuce bukata, ya kuma ci bashin da ya fi ƙarfin gonar.

Amma a lura, hoto iyaka yake nunawa, ba ya faɗin mai gona. Saboda haka mu shuka gamba ko bini-da-zugu a kan iyaka don ta fito sosai daga sama. Ranar da masu awo suka zo, mu tsaya tare da maƙwabta da mai unguwa. Kada kowa ya dangwala hannu a takardar da bai karanta ba. Nan ne amfanin zuwa aji yake.

Tambayoyi

1. Faɗi hanyoyi uku na ɗaukar hoton sama.
2. Eka nawa ne a kadada huɗu?
3. Me ya sa hoto kaɗai bai isa shaidar mallakar gona ba?